Gonar da Ban Sayar Ba

Wata mai zuwa zan bi mijina Madina, kuma can za mu zauna. Na sayar da kujeru da firiji, saura 'yar gonar da kakana ya ba ni a Bunkure.

Jiya na kai dillali ya gani. Ana sakin ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, sai na tuna ranar da ƙanen Kaka zai ƙaura Sudan. Ina riƙe da rigar Kaka, yana buɗe wa tumatir ruwa da ƙafa, ya ce masa, "Sayar da shanun, amma gonar ka ba da aro. Ka bar inda za a riƙa ambatonka."

Na ba dillali haƙuri. Kawuna zai noma ta.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kaka, kamar yadda ka shayar da ƙasar nan.