Kawu da Dattijon Cikin Kaset

Jiya na tsinci wani tsohon kaset ɗin bidiyo a akwati, tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Da Kawu muka kalle shi a Yalwawa, wata uku bayan rasuwar matarsa. A fim ɗin, wani dattijo ke wuni shi kaɗai a zaure, ba mai leƙo shi. Kawu ya yi ta murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Kashe, ɗana. Wannan mutumin ni ne."

Washegari ya ɗauki sandarsa, ya cika aljihu da goro, ya fara bin tsofaffin unguwa gida-gida yana taya su hira. Bai fasa ba har ƙafa ta gaza.

Allah Ya ɗebe masa kewar kabari, yadda ya ɗebe wa wasu kewa.