Malamin da Ya Zo Ɗaukar 'Yata

Da safen nan na ji ƙararrawar keke a lungunmu, sai gabana ya faɗi. A da kuwa sautin nan kwantar mini da hankali yake yi.

Ina ƙarama a Ƙofar 'Yandaka, in damina ta yi nisa ruwa kan cika lungu, ƙasa ta yi ta ƙamshi. Malaminmu na firamare yakan biyo gida-gida da kekensa, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ƙanananmu a baya ya tsallakar da mu. Kakata takan aika masa da fura zaure. Ta sha gaya mana cewa in malami ya yi sallama ba a tambayarsa dalili, don shi ma uba ne. Ya koyar da babana, ya san wadda ta haifi kowa.

Da soja suka miƙa mulki, sai makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa a gidajen haya. Cikin ɗayarsu aka sa 'yata, a unguwar Kambarawa.

Shekaranjiya muna gidanmu ana yayyafi, wani mai babur ya yi sallama, ya ce malami ne, makaranta ta turo shi ɗaukar yarinya saboda ruwa. Innata har ta sa mata hijabi tana shi masa albarka. Na leƙa zaure, na ga 'yata tsaye da 'yar yayata. Sai ya dube su ya ce, "Wacce ce a cikinsu?"

Wallahi ban san lokacin da na fizgo hannun 'yata ba. Na ce yau ba za ta je ba. Bai yi gardama ba, ya tayar da babur ya wuce. Inna ta yi ta faɗa wai na wulaƙanta malami.

Jiya na je wurin mai makarantar, na kwatanta mata shi. Sai ta ce, "Ƙila namu ne. Kin san kowane zango sababbi muke ɗauka, ban gama gane fuskokinsu ba."

Kun ji fa. Har yanzu ban sani ba ko malami na kora ko ɓarawon yara, kuma ba wanda zai iya gaya mini. Ƙararrawar ta safen nan ta mai burodi ce. Duk da haka sai da na tashi na sa wa ƙofa sakata.