Shirun da Yaya Ishaya ya bar mana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Ishaya a nan Zuru, kuma sai bana na gane abin da ya kashe shi. A takarda an rubuta ciwon mafitsara. Ni dai na ce shiru ne.

Yaya ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Daga nan ya shiga soja. Duka wuraren biyu abu ɗaya suka koya masa: namiji ba ya cewa wayyo. Fitsari ya riƙa tsaya masa, ya fi shekara yana zagawa bayan rumbu yana cije leɓe, ko matarsa ba ta sani ba. Ranar da ya faɗi a gonarsa ta hanyar Dirin Daji, ƙoda ta riga ta lalace.

To, bara sai ga ciwon nan a jikina. Kuma wallahi na fara ɓoyewa! 'Yata Rifkatu ce ta lura da yawan fitata daga coci, ta tasa ni gaba har wani asibiti a kudu.

Can na ga abin da ya tsayar min da numfashi. Na'ura ce mai hannuwa huɗu a kan gadon fiɗa, likita kuwa kujerarsa na can gefe, zai cusa kai cikin wani akwati yana juya ta da yatsu. Na ce wa Rifkatu mu tafi, ni ba tayar mota ba ne da ƙarfe zai huda ni. Ta ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwanta."

Amma ba na'urar ce ta fi girgiza ni ba. Kafin su sa ni barci, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa da ƙarfi: mai lura da numfashina, mai canja wa na'urar kayan aiki, mai ƙirga su. Wata nas ta tsayar da babban likita kan wani magani, ya saurare ta bai ɓata rai ba. Sannan aka juyo kaina, wai in faɗi da bakina abin da ke damuna. Ni, dattijo, a gaban mata! Na faɗa.

Da Yaya na raye, na san zai yi wa na'urar dariya. Sai dai zai gane ɗakin, don layin samari masu golmo ne sak: ba mai wuce ɗan'uwansa, wanda kunyar nomansa ta karkace a kira shi ya gyara. Ashe mun ɗauki juriyar, mun bar kiran a gona.

Na warke, huda kaɗan ce a cikina. Na yi murna, na kuma ji haushi ƙwarai, don ko a zamaninsa da ya yi magana da an taimake shi.

Me ya rage na Yaya? Gonarsa na nan, da gaskiyarsa da har yau ake misali da ita. Sai kuma babban ɗansa Yohanna, wanda ya haura hamsin. Ran Lahadi na ƙirga, sau uku ya fita kafin a gama wa'azi. Na tare shi a bakin ƙofa na tambaye shi kai tsaye ko fitsari na damunsa.

Ya dube ni da idon ubansa, ya ce, "Baba, ƙalau nake."

Na kama hannunsa, ban sake ba.