Ɗan kabu-kabun da ya "mutu" a hanyar Dogo-Dogo

Ban ankara ba sai na gan ni kwance cikin gonar hatsi, bakina cike da rairayi, moto na gefe tayarsa na ta juyawa.

Daga Dungas na hau ɗan kabu-kabun nan, zan je Dogo-Dogo duba mahaifiyata da ba ta da lafiya. Tun a hanya na ga yana yawan sunkuyar da kai, na ɗauka rana ce ta dame shi. Ashe salula ya ɗaure a kan moton, yana tuƙi yana wasan harbe-harbe. Amalanken jaki ya fito gabanmu, ya kauce a makare, muka zube.

Sai na ji ya ƙwalla ihu: "Wayyo, na mutu!"

Na rarrafa gunsa. "Malam, ina ne? Ƙirji ko kai?"

Ya miƙo min salular, gwiwarsa na zubar da jini. "A'a Yaya, a wasan ne. Saura mutum guda in cinye, aka harbe ni."

Wallahi da ƙafa na ƙarasa garin, ina ɗingishi.

Jama'a, wannan wasa ne ko ciwo? Ku faɗa min, don ni har yanzu kaina bai ɗauka ba.