Ranar da Baba ya ce ya zauna

Shekarun baya, lokacin da aka fara auna gonaki a wajenmu na Mafaza, aka ce duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama ta dindindin, ba za a rubuta gona da sunansa ba. Mu kuwa gonar dawar nan ita ce cinmu. Aka ce in maigida ya samu, matarsa da 'ya'yansa sun shiga ciki. Da yake ni ne babba, ni na raka mahaifina birnin Gadarif, inda ofishin yake.

Mahaifina ya baro ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi, da niyyar aikin Hajji. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya ya yi noman damina ɗaya, daminar ta zama arba'in. Haraminsa yana nan a ninke a ƙasan akwati. Ko ɗakin bulo bai taɓa yarda mun gina ba, wai in mun tashi wa za mu bar wa.

Tun a cikin lori nake koya masa amsa kamar ɗan makaranta, yana gyaɗa kai. A ofis ma'aikacin ya duba takardunmu da shaidunmu, ya ce komai ya cika, saura tambaya ɗaya.

"Baba, ka yi niyyar zama a ƙasar nan har ƙarshen rayuwarka?"

"A'a, ɗana. Muna kan hanya."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, wai ni mai wayo. Ya juyo ya ce, "Kai, ɗauke ƙafarka, ka taka ni."

Ma'aikacin ya danne dariya, ya rufe fayil. "Takardar ta mazauna ce, Baba, ba ta masu wucewa ba. Je ka yi tunani."

Sau huɗu muna komawa, amsar ba ta sake ba. Na gaji da ƙurar hanya, na gaji da bencin ofishin nan. Ran nan a hanyar dawowa na ce, "Baba, kalma ɗaya ce fa, gonar za ta tafi."

Ya ce, "Alkawarin da na ɗaukar wa Allah, shi zan je gaban tebur in warware?"



Da damina mahaifiyata ta rasu. Bayan sadakar arba'in, Baba da kansa ya tambaye ni ko gobe akwai lorin Gadarif. Da ma'aikacin ya maimaita tambayarsa, Baba ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Na zauna. Tana kwance a nan, ina zan je in bar ta?"

Aka buga hatimi. Na zaci zan yi murna.

Da muka koma gida ya buɗe akwati, ya miƙo mini haramin. "Wanke shi ka ajiye. Ka san ranar amfaninsa." Bai kai kaka ta gaba ba. A cikin haramin muka naɗe gawarsa.

Yau gonar da sunanmu take, 'ya'yana suna ci daga cikinta. Takardar tana ƙasan akwatin, daidai inda haramin yake a da. Ban ce na yi kuskure ba, don da ba mu nema ba, da mun rasa gonar. Abin da dai na koya shi ne, kalmar da nake gani ɗaya ce, shi tafiyarsa ce gaba ɗaya aka ce ya sauke. Har yanzu in na buɗe akwatin, abin da ke fara zuwa mini shi ne ƙafar nan tasa da na taka.