Likkafanin Baba da mutumin kufai

Gonarmu ta bayan Gagarawa a kan kufai take. Duk inda garma ta bi sai ta tono tsingaro, geronta kuma ba ya ba da kunya. Baba kuwa labarinsa ɗaya tun muna yara: nan kakanninmu suka zauna, malamai ne masu tsangaya, ƙafewar rijiya ce ta tashe su. Ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa a kasuwar Maigatari, har mun haddace.

Wata shekara, bayan an kwashe amfanin gona, masu haƙar kayan tarihi suka zo daga jami'a. Shugabarsu wata Malama ce mai fara'a. Ta ce ta taɓa irin wannan aiki a ƙetare, a kufan wasu mutane da ake kira Maya, inda daji ya cinye manyan garuruwa. Ta nuna wa Baba hotunan a waya.

Ya ce, "Su ma rijiyarsu ce ta ƙafe?"

Ta ce ana zaton fari na cikin abin da ya tashe su. Shi ke nan, jininsu ya haɗu. Ya ba su gona, yana sa ran a tono masa kurtun tawada.

Ni ne babban ɗansa, kuma wallahi aikinsu haushi yake ba ni. Sun ja igiya, sun tsuguna da cokalin magina da buroshi, suna rairaye ƙasa kamar masu tankaɗen gari. Ramin da zan gama kafin azahar, su ko gwiwa bai kai ba.

Ba kurtu suka tono ba, mutum suka tono. Yana kwance a naɗe, gwiwa a ƙirji, da tukunya kusa da kansa, fuskarsa ba ta kallon alƙibla. Kafin la'asar magana ta kai tasha. Da na bi ta can, mai shayi ya hango ni ya ce, "Jikan malamai! Ashe da tukunyar giya aka binne Malam?" Ba don an riƙe ni ba, da ya sha shayinsa ta hanci.

Na ce wa Baba mu kore su mu cike ramin. Ya je bakin ramin ya daɗe a tsaye, sannan ya dubi Malama.

"'Yata, ina za ki kai shi?"

"Ɗakin bincike, Baba. A kwali za mu sa shi."

"Haka tsirara? Ki gama aune-aunenki, ki ɗauki hotonki, tukunyar ma ki tafi da ita. Shi dai ki bar mini shi."

Na ga abin ya yi mata nauyi, don irinsa ta zo nema. Amma da ta kammala sai ta ce, "Ga shi, Baba."

Ya koma gida ya buɗe adakarsa, ya ɗauko likkafanin da ya zo da shi daga Hajji, wanda ya wanke da zamzam ya ajiye wa kansa. Raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Naka ne fa. Ba ka ma san ko ya taɓa kallon gabas ba."

"Ban sani ba, kuma ban ce zan yi masa salla ba. Amma duk geron da ka ci tun da aka yaye ka, a kansa ya fito. In kakana ne, haƙƙinsa na wuyana. In ba kakana ba ne, baƙona ne."

Da hannunsa ya tattara ƙasusuwan ya naɗe. Muka binne shi a gindin gawo, a gefen gona. Malama ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ranar ban sake jin Baba ya yi zancen tsangayar kakanni ba.

Ranar da ya rasu, ni na hau babur zuwa kasuwar Gumel sayen farin yadi. Ina tafe ina kuka, ina yi masa faɗa a raina: ga shi nan Baba, ka ba da naka, yanzu da na kasuwa za ka tafi. Da aka naɗe shi a ciki na tsaya na duba. Ya yi masa kyau.