Ranar da Makirufon Apisai Ya Yi Gumi

Shekara ashirin da shida Apisai ya yi yana gyaran wayoyin lantarki na motocin bas a garin Nausori, bai taɓa damuwa da yadda ake ɗaukar murya ba, sai da 'yarsa Vasiti ta rasu tana da shekara goma sha tara. Bayan an watse daga zaman makoki suka nemi muryarta, abin da suka samu kawai saƙo ɗaya ne a wayar uwarta, na daƙiƙa goma sha ɗaya, wanda ta aiko daga tashar mota. Ƙarar inji ta cinye rabinsa. Ana jin ta ce "Mama", ana jin "burodi", sauran sai zato.

Tun daga nan ya shiga sayen makirufo masu araha, irin masu neman wuta kafin su yi aiki. Yakan ƙwanƙwasa jikin kowanne da farce, in ya yi amo kamar gwangwani ya ajiye shi. Wanda ya zaɓa sai ya kwance shi, ya cire ɗan faifan da ke ciki, ya liƙa babba da dalma. A fuskar faifan akwai wata fata mai ruwan zinariya, ta fi ɓawon albasa siranta, ita ce ke jin murya. Ba a taɓa ta, ba a goge ta.

A shekara ta huɗu da rasuwar aka ga ƙari a maƙogwaron matarsa Litiana, wadda ke waƙa a coci tun tana budurwa. Likita ya sa ranar Alhamis don yi mata aiki a asibitin birnin Suva, ya ce muryar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Mako uku Apisai yana roƙonta ta zauna ya ɗauki muryarta, tana cewa, "Ba za ka binne ni da raina ba." Sai ranar Talata da yamma, tana ɓare rogo, ta ce, "Gobe da safe. Motar Suva ƙarfe biyu za ta tashi."

Kwana tara ke nan ana ruwa, har katifu sun yi laima, kuma laima ce babbar abokiyar gabar wannan fata. Don haka ya ba Manasa, wan Litiana kuma taubashinsa, wato tavale a yarensu, makirufon da ya fi ji da shi, ya kwana a kantinsa mai na'urar sanyaya ɗaki.

Ƙarfe tara Manasa ya iso da akwatin a hammata.

"Ga jaririnka, tavale. Bai yi kuka ba, ban kuma ba shi nono ba."

"Ajiye a hankali, hannunka na dambe ne."

Apisai ya fito da shi, sanyi ƙalau kamar kifin firji, ya ɗora a sanda, ya ba shi wuta, ya sa abin saurare a kunne. Sai ya ji ƙara kamar ana soya kifi a mai. Ya canza waya, ƙarar na nan. Ya kashe ya kunna, ta ƙaru. Litiana na zaune a kan tabarma cikin rigarta ta coci, hannu a cinya, tana kallonsa. Muryarta da safe ta fi fita, in rana ta yi tsaka sai ta dushe.

Ya tabbata liƙin dalmarsa ne ya saki. Sauran makirufonsa biyu a kwance suke gunduwa-gunduwa a kan tebur, ya cire musu kaya don ya gyara wannan. Ya jona ƙarfen dalma ya yi zafi. Wayoyin da ke bayan faifan kamar gashi suke. Ɗigo ɗaya a kan fatar, shi ke nan.

"A ɗauka da waya mana," in ji Manasa.

Ya dubi ƙanwarsa, ya tuna saƙon Vasiti, ya gane abin da ya faɗa, ya fita ya zauna a motarsa.

Apisai ya kwance murfin makirufon. Sau biyu ya kai ƙarfen kusa, sau biyu ya janye. Abin da ke kunnensa ba suyar man ba ce kuma, injin bas ne da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Manasa ya dawo yana lalube, tabaransa sun yi fari fat.

"Wannan gari naku. Mutum ya fito daga sanyin mota, sai ya makance."

Apisai ya zuba wa tabaran ido. Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya zare shi daga wuta.

"Ni ne jakin, ba kai ba."

"Na daɗe ina faɗa."

Shi da kansa ya fito da abu mai sanyi cikin iska mai ɗumi da laima, fatar ta yi gumi kamar tabaran. Ba abin da ya lalace tukuna, ba kuma abin da hannu zai iya yi. Ya zuba shinkafa a gwangwanin biskit don ta shanye laimar, ya kwantar da makirufon a kan ƙyalle, ya kunna ƙwan lantarki a gefensa, ya rufe rabi.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya gwada, yana soya. Sha biyu, ya ragu, amma yana nan. Litiana ta dafa shayi, tana tattalin muryar da ta rage mata. Manasa ya daina ba'a. Apisai ya zauna ya juya wa agogo baya, duk da haka yana jin tafiyarsa.

Ɗaya saura minti goma ya sa abin sauraren, ya ji ruwa a kan kwano, ya ji kaza a bayan gida, ya ji numfashin matarsa. Ya ɗaga mata hannu.

Baiti biyu ta yi na waƙar da take wa Vasiti a goye. A na uku muryar ta tsage. Ta tsaya, ta haɗiye yawu, ta matso kusa da makirufon.

"Apisai, ka sha maganinka. Ka cire takalmi kafin ka hau min tabarma. Kar ka bari Manasa ya cinye rogon."

"Sharri," in ji Manasa can ƙasa-ƙasa, shi ma muryarsa ta shiga cikin ɗaukar.

Minti huɗu da daƙiƙa shida aka samu. Bayan aikin muryar Litiana ta dawo, amma raɗa ce, sai an matso ake ji. Ba ta taɓa neman a kunna mata ba. Apisai kuwa har yau a gwangwanin biskit yake ajiye makirufonsa, kuma in maƙwabta suka kawo masa tsohonsu ya ɗauki muryarsa, sai ya fara taɓa jikin makirufon da bayan hannu kafin ya ba shi wuta.